Daga Jego Zuwa Ɗaukewar Al'ada: Labarin Wata Mai Man Gyaɗa a Maraɗi

Matar da za mu ba da labarinta ta amince a rubuta, da sharaɗin kada a ambaci sunanta ko unguwarsu. Za mu kira ta Gwaggo, kamar yadda yaran gidansu ke kiranta. Mu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ne a nan Maraɗi, kuma mun zaɓi labarinta ne saboda rayuwarta ta ratsa duk mashigan da ciwon sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin mutane ba dalili, yakan tare mace a cikinsu. Mashigan nan sanannu ne, iyalin da ya san su zai iya yin shiri tun kafin a iso.

An haife ta a wani ƙauye ta wajen Madarunfa, aka yi mata aure tana da shekara 16, aka kawo ta birni. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta yi haihuwa huɗu lafiya lau, tana adashi, tana zuwa biki da suna, har ta kai shekara 27 babu wanda ya taɓa ganin wani abu tattare da ita.

Wannan jinkirin shi ne abin lura na farko. Namijin da ciwon zai kama, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 25 yake bayyana a jikinsa. Saurayi zai bar makaranta ko wajen koyon sana'a, ya ƙule a ɗaki, ya daina wanka, magana ta yi masa nauyi, fuskarsa ta bar nuna daɗi ko ɓacin rai. Sau da yawa wiwi ko taramol sun shiga ciki sun ƙara dagula lamarin. Ciwon ya same shi bai yi aure ba, bai kafa sana'a ba, shi ya sa mahaukatan da ake gani bakin tasha da kasuwa maza suka fi yawa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 sun nuna kusan mutum 1 cikin 300 na ɗauke da ciwon, wasu bincike daban kuma sun nuna idan aka ƙirga sababbin kamuwa, duk mace 10 akan samu namiji wajen 14. Heinz Häfner da abokan aikinsa a Mannheim ta ƙasar Jamus sun bi diddigin masu ciwon tun daga alamar farko, suka tarar mata na makara da shekara 3 zuwa 4, sannan mata suna da zango na biyu da maza ba su da irinsa, wajen shekara 45 zuwa 50. A gidajen da ciwon ya yi ƙarfi a cikin dangi, wannan tazarar takan ragu.

Babban bayanin da masana suka bayar shi ne istirojin, sinadarin da ƙwayayen haihuwar mace ke fitarwa daga balaga har ɗaukewar al'ada. Aikinsa bai tsaya ga mahaifa da nono ba, har ƙwaƙwalwa yana shiga. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin aika saƙo mai suna dofamin, idan aikinsa ya wuce kima a wasu sassa sai mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ya riƙa ganin kowane motsi na maƙwabta da shi ake. Magungunan ciwon suna toshe mashigar dofamin ne. Istirojin shi ma yana lafar da wannan mashiga, yana taɓa wasu sinadaran aika saƙon masu suna sirotonin da gulutamet, yana kuma kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga lalacewa. Kamar darni yake: ba ya hana iska kaɗawa, amma yana rage ƙarfinta kafin ta shigo tsakar gida. Namiji ma yana da istirojin kaɗan, wanda jikinsa ke sarrafawa daga testosteron, sinadarin maza, sai dai bai kai na mace mai jini a jika ba, kuma ba ya hawa da sauka kowane wata.

A haihuwa ta biyar ciwon ya fito. Mai ciki istirojin ɗinta yakan ninka sau da yawa, mabiyiya ce ke samar da shi. Da mabiyiya ta faɗo, cikin ƴan kwanaki sai ya zube ƙasa warwas, shayarwa kuma ta riƙe shi a ƙasan. Gwaggo ta daina barci tun kwana na huɗu, ko da jinjirin na barci ita idonta biyu. Ranar suna mata sun cika gida, ta ƙi karɓar kunun da facalarta ta miƙo mata, ta ce an zuba abu a ciki. Da dare ta ce tana jin mutane a bayan ɗaki suna shawarar yadda za su musanya mata yaro. Ta ɗaure shi a baya, ta ƙi sauke shi ko don a yi masa wanka.

Wata huɗu aka yi ana yawo da ita, daga rubutu zuwa hayaƙi, daga ruƙiyya zuwa gidan bori, har wani wuri da aka sa mata mari a ƙafa, tabon yana nan har yau. Ba mu da faɗa da addu'a, mu ma muna yi, kuma mara lafiyar da ta ga danginta na yi mata addu'a hankalinta ya fi kwanciya. Amma duka da ɗauri da hana abinci zalunci ne, kuma duk watan da ya wuce ba a fara magani ba yana rage kyawun warkewa.

Rikicewar hankali bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1,000, galibi a makonni biyun farko, kuma lamarin gaggawa ne saboda ran uwa da na jinjiri. Idan aka kawo mai jego a haka, kafin a ce ciwon ƙwaƙwalwa ne sai an auna zafin jiki da hawan jini, an yi gwajin masassarar cizon sauro, an duba ko mahaifa ta kamu da ƙwayar cuta, an duba ƙarancin jini, an tambaya ko ta yi jijjiga. Duk waɗannan na iya juya hankali, kuma maganinsu daban. Da yawa daga cikin matan suna warkewa cikin watanni, wasu kuma daga baya a gane ciwon hawa da saukar yanayi ne. Na Gwaggo ya zarce wata shida, muryoyi da zargi ba su gushe ba ko a ranakun da ba ta cikin ƙunci ko zumuɗi, a nan aka tabbatar sikizofireniya ce.

An fara mata da maganin ciwon mai suna Haldol. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa ƙananan asibitoci ita ce a fara da miligiram 1.5 zuwa 3 a rana, a ƙara a hankali, a ba magani mako 4 zuwa 6 kafin a ce bai yi ba. Barci ne ke fara dawowa, sai natsuwa, muryoyi su ne na ƙarshen tafiya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba mace adadin da ake ba ƙato. Mace mai al'ada galibi ƙaramin adadi ya ishe ta, don istirojin na taya maganin aiki. Ga wasu magungunan ciwon biyu, olanzafin da kulozafin, ma akwai ƙarin dalili: istirojin yana rage saurin da hanta ke narkar da su, sai su daɗe a jinin mace, alhali hayaƙin taba sigari na hanzarta narkewarsu a jikin mai sha, wanda a nan yawanci namiji ne. Idan aka zarce adadi sai jiki ya sandare, hannu ya yi karkarwa, miyau ya riƙa zuba. Wani lokaci wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya fito, ƴan uwa su ce ga aljanin nan ya tashi. Illar magani ce, ta fi samun samari, kuma Artane ko rage adadi na warware ta.

Gwaggo ta samu sauƙi, ta koma suyar gyaɗa. Sai wata fitina ta ɓullo daga inda ba a zata ba. Ta yaye yaro, maigidanta ya tafi ci-rani, sai al'adarta ta ɗauke wata biyar, nononta kuma yana tsatsar da ruwa har ya jiƙa riga. Uwar miji ta fara ƙus-ƙus. Da maigidan ya dawo shi ya kawo ta da kansa, ya tsaya bakin ƙofa ya ce wa majo, wato babban ma'aikacin jinya:

"Majo, iyalina ce. Wata bakwai ba ni gari, an ce mani ba ta ga jini ba, ga nono na zuba. Ku hwaɗa mani gaskiya, mi ke nan?"

Aka yi gwajin fitsari, babu ciki. Majo ya zaunar da shi ya ce: "Malam, ka kwantar da hankalinka, aikin magani ne, kuma mun saba gani."

Ga yadda abin yake. Dofamin ne ke taka wa furolaktin burki, wato sinadarin da ke kawo ruwan nono. Idan magani ya toshe dofamin sai furolaktin ya hau, jiki ya ɗauka shayarwa ake yi, ƙwai ya daina fita, al'ada ta tsaya, istirojin ya faɗi. Haldol da risferidon da allurar wata-wata irin su Modecate sun fi yin haka. Ka ga maganin da ke tsare ƙwaƙwalwa shi ne kuma ke rage mata garkuwarta ta asali, kuma idan aka shekara da shekaru a haka ƙashi yakan yi rauni. Namiji ma yana samun nasa kason, sha'awa ta mutu, gaba ya yi sanyi, wani har nono ya fito masa, kuma kunya ta hana shi faɗa sai dai ya jefar da maganin a ɓoye. Shi ya sa muke tambaya da bakinmu, ba ma jira a faɗa mana. Gyaran yana bin mataki: gwajin ciki da farko, sai a rage adadi idan hali ya yi, in bai yi ba a sauya zuwa maganin da bai cika ɗaga furolaktin ba, ko a ƙara arififirazol miligiram 5 in ana samunsa kuma aljihu zai ɗauka. Sannan a gaya wa mata da miji cewa ƙwai na iya dawowa kafin a ga jini, wadda ba ta shirya ɗaukar ciki ba ta ga ungozomar asibiti tun a makon. An mai da Gwaggo kan olanzafin miligiram 5 da dare, daga baya 10. Shi kuma nasa aibin ƙiba da ciwon suga, don haka aka buɗe mata shafi a karne, wato littafinta na asibiti, ana rubuta nauyinta duk zuwa, ana gwada suga lokaci-lokaci.

Da al'ada ta dawo, babbar ɗiyarta ce ta lura cewa duk wata akwai ranakun da uwar ke tsarguwa, ta riƙa leƙen katanga, ta ƙi sayar wa wasu mutane mai. Aka ce ta riƙa sa alama a kalanda wata uku: ja a ranar da jini ya zo, baƙi a duk daren da barci ya gagara ko aka ji tana amsa wa wanda ba a gani. Baƙaƙen suka taru a kwana uku kafin jini da kwana biyun farkonsa, daidai lokacin da istirojin ke ƙasa. Wadda ba ta karatu ma tana iya wannan lissafi, don kowace mace ta san ranar da ta ajiye salla. A waɗannan kwanaki ake rage mata aiki, a bar ta ta yi barci, a tabbatar ba ta tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Wasu matan likita kan ɗan ƙara musu adadi na ƴan kwanakin kawai, amma wannan hukuncin likita ne.

Ciki na shida da shiri aka tare shi. Wasu mata kan ji sauƙi da ciki saboda istirojin ya cika jiki, sai dangi su ce ta warke, a bar magani kada ya taɓa yaro. Wannan shawarar ita ke mai da mata da yawa gidan jiya. Ba a yanke magani farat ɗaya, ana riƙe mafi ƙarancin adadin da ke aiki, a haɗa da awon ciki da ƙwayoyin ƙarin jini, a gwada suga. Maganin da ake gudu ga duk macen da za ta iya ɗaukar ciki shi ne Dépakine, maganin farfaɗiya da daidaita yanayi, don yana naƙasa ɗan tayi. Tun cikin na wata bakwai aka zauna da maigida da ƙanwar Gwaggo aka raba aiki: haihuwa a asibiti, a sanar da ungozoma maganin da take sha don a sa ido kan jinjiri ko zai yi yawan barci ko kasa tsotso, ƙanwar ta kwana ɗakin har arba'in, ta riƙa ɗaukar yaron da dare tana kawo shi shan nono kawai, domin uwar ta samu barci mai tsawo a jere. Aka rage ƴan barka, aka ce ranar suna ta gaisa da mutane ta koma ɗaki. Aka kafa doka guda: dare biyu a jere ba barci, a hau kabu-kabu a zo, kada a jira ranar da aka rubuta. Ta yi arba'in lafiya. A garin da ake aurar da yarinya da wuri kuma mace ke haihuwa shida ko bakwai, wannan mashigar ba sau ɗaya ake ratsa ta ba, kowace haihuwa sai an sake shirin daga farko.

Shekaru suka tafi lami lafiya. Tana da shekara 47 al'ada ta fara yi mata wasa, wata biyu babu, sai ta zo da yawa. Zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta farka cikin dare sharkaf da gumi ko a tsakiyar ɗari. Barci ya lalace. Wata safiya ta kwashe tunkuzar da ta kwana tana aiki a kai ta zubar a kwata, ta ce muryoyi sun gaya mata maƙwabta sun tofa mata abu. Dangi suka ce ta bar shan magani ne, wasu suka ce mutanen ɓoye sun dawo. Ɗiyar ta zo da fankon kwalayen a leda ta zube a kan tebur, ta ce: "Wallahi da hannuna nike ba Inna kullum bayan isha'i, ko ɗaya ba ta tsallake ba."

Gaskiya ta faɗa. Wani bincike da Iris Sommer da abokan aikinta suka yi a kan bayanan mutum fiye da 60,000 a ƙasar Finlan ya nuna cewa daga shekara 45 mata sun fi komawa asibiti da tashin ciwon, kuma adadin maganin da ke riƙe su a da yakan daina riƙewa. Istirojin ya janye, taimakon da yake yi wa maganin ya tafi, hanta kuma ta koma narkar da olanzafin da sauri. A wannan zangon ne kuma wasu matan ke kamuwa karon farko, mace mai jikoki da ba ta taɓa ciwo ba ta fara zargin kishiya ko surukai da sammu, a yi ta rigimar gida shekara guda ba a gane ciwo ba ne.

Kafin a taɓa adadi sai da aka bincika: daga farmasi aka sayi maganin ko daga masu talla a rana, ko tana shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya mai suna Tégrétol, waɗanda ke cinye ƙarfinsa, yaya suga da hawan jini. Sannan aka ɗaga olanzafin daga 10 zuwa 15, aka jira makonni kafin a sake duba. Ba a gaggawa a nan, domin mace mai shekaru ta fi kowa saurin kamuwa da motsin baki da harshe wanda ba ta iya tsayarwa, kamar mai tauna abu, kuma in ya zauna da wuya ya tafi. Duk zuwa akan ce ta buɗe baki, ta miƙa hannuwa, ta yi tafiya a gani.

Mai karatu zai ce to me ya hana a ba ta istirojin ɗin kawai? An gwada. Jayashri Kulkarni a Melbon ta Ostireliya ta wallafa gwaji a 2008 a kan mata 102, inda aka liƙa wa wasu filastar istirojin mai maikurogiram 100 na kwana 28 a kan maganinsu na kullum, muryoyi da zargi suka fi raguwa a wurinsu. An kuma gwada raloksifen, maganin ƙashi da ke aiki irin na istirojin a wasu sassan jiki amma ba ya yin wannan aikin a nono da mahaifa. Ya taimaka a wasu gwaje-gwajen, amma a wani babba da aka wallafa a 2017 a kan mata 200 masu ciwo mai tsanani bai yi amfani ba. A duk gwajin nan ƙari aka yi a kan magani, ba a maye gurbinsa ba. Istirojin kuma yana da haɗarinsa: gudan jini a jijiya, sankarar nono, da sankarar mahaifa idan aka sha shi ba tare da furojestaron ba, wato ɗaya sinadarin na mata mai kare mahaifa. Don haka likitan mata ne ke yanke hukunci bayan ya auna jini, ya duba nono, ya ji tarihin gida. Gwaggo tana da hawan jinin da bai daidaita ba ga nauyin jiki, aka ga bai dace da ita ba. Muna roƙon mata da babbar murya kada su nemi wannan a kasuwa. Ƙwayoyin gyaran jiki da na ƙarin ƙugu da ake tallarsu ba a san abin da ke cikinsu ba, ƙwayar tsarin iyali ma ba ita aka yi gwajin da ita ba.

Abin da aka yi mata bayan gyaran adadi mai sauƙi ne. Aka sauko da hawan jinin, aka hana ta shayi mai ƙarfi da goro bayan la'asar, aka mai da shimfiɗarta inda iska ke shiga. Suyar gyaɗa ta koma sanyin safiya, domin magungunan nan na rage wa jiki iya jure zafi, kuma bazarar Maraɗi a watan Afrilu da Mayu tana haura digiri 40. Da azumi takan sha ƙwayarta bayan buɗa-baki, ta yawaita ruwa har sahur. An kuma gargaɗi gidan cewa zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa ba a ɗauke shi masassarar sauro a zauna gida, a tsayar da maganin a kawo ta a ranar. Cikin wata biyu muryoyin suka ja baya, ta koma kasuwancinta, ko da yake yanzu jikarta ce ke kai ƙuli-ƙulin bakin hanya.

Ɗiyar ta yi aure, tana da cikin fari, kuma ta zo da tambayar da ke cin ranta, ko ita ma abin zai same ta. An gaya mata cewa wanda ɗaya daga cikin mahaifansa ke da ciwon, haɗarinsa wajen 1 ne cikin 10, tara ba sa kamuwa. Ba a ba ta wani magani ba, don ba ta da ciwo. An dai rubuta tarihin uwar a karnen awonta, mijinta ya san alamun da zai lura da su a makonni biyun farko, za ta yi jegonta a gidan goggonta inda akwai mai karɓar jinjiri da dare, kuma an sa mata ranar dawowa a mako na biyu bayan haihuwa.